Yadda ake haɗa filip, abin shan ƙwai na bayan cin abinci, ba tare da giya ba

Tun ranar walimar ƙanwata da na fito da wasu ƙananan kofuna bayan an kwashe kwanuka, ban huta da tambaya ba. Wata ta ce madara ce aka sa wa kala, wata ta rantse akwai yogot a ciki. Gwaggo kuwa sai da ta shinshina kofin sau biyu sannan ta ce, "Ke 'yar nan, wannan dai ba irin abin Turawan nan ba ne ko?" Na ce, "Gwaggo, asalinsa nasu ne, amma wannan da hannuna na dafa shi, babu ko ɗigon giya a ciki." Ta kurɓa, ta yi shiru, can sai ta miƙo kofin a ƙara mata. To ga bayanin gaba ɗaya, in huta da maimaitawa a waya.

Turawa na kiransa flip, mu dai mu ce filip. A otal-otal ɗinsu ana kawo shi ne bayan an gama cin abincin dare, a madadin kayan zaƙi. Da giyar inabi mai ƙarfi suke yin sa, irin wadda ake ƙara wa barasa lokacin haɗa ta, kamar port ta kwarin Douro a Fotugal ko sherry ta yankin Jerez a Sifaniya. Sanannen ma'aunin na port shi ne mililita 45 na port, 15 na burandi (wata barasa mai ƙarfi), 10 na gwaiduwar ƙwai, a girgiza da ƙanƙara, a goga gyaɗar ƙamshi a kai. Na faɗi wannan ne don ki san abin da za mu maye gurbinsa. Abin da giyar ke kawo wa kofin shi ne zaƙin inabi, ɗan bauri, da ɗumi a maƙogwaro, kuma duk ana samun su a kicin ɗinki. Laushin da kumfar da suka sa mutane ke tambaya kuwa, aikin ƙwai ne da hannun mai girgizawa. Ina magana da uwargida ne don su suka fi tambaya, amma maigida ma in zai gwada, hanyar ɗaya ce.

1. Kayan aiki

Masu otal na da gwangwanin ƙarfe na girgizawa. In kina da shi madalla, in babu kada ki je saye. Kwalba mai faɗin baki mai murfin murɗawa ta isa, mai cin kamar rabin lita, ko gorar ruwa ta ƙarfe ko ta roba mai kauri. Sai tukunya mai faɗi, rariya mai ƙananan ido, abin goga, ƙaramin kofi na fasa ƙwai, da cokula. Babban cokalin awo mililita 15 ne, ƙarami mililita 5, da su zan riƙa yi miki lissafi. Kofunan sha su zama ƙanana, masu cin mililita 180 zuwa 200. In za ki bi hanyar dafa ƙwan da ke mataki na 8, ki tanadi maburgi, da ma'aunin zafi na girki in da hali.

Hattara: in kwalbar gilashi ce, ta zama mai kauri, ba mai tsagewa ba ko kaɗan. Ƙanƙara na dukan gilashi da ƙarfi a lokacin girgiza. Kuma kwalbar da ta taɓa zama da yaji, daddawa ko man shanu, ki bar ta, ƙwai na ɗaukar wari fiye da yadda kike zato.

2. Dafa ruwan inabi

Wannan ne madadin giyar, kuma shi ne kawai aikin da ke cin lokaci, don haka a yi shi da safe ko tun jiya.

Ki samu lita ɗaya ta lemon jan inabi na kwali, wanda aka rubuta cewa inabi ne zalla, kashi 100. Ki juye a tukunya, ki sa citta ɗanya kamar tsawon babban yatsa a yanka fale-fale, kanumfari 4, kirfa ɗan guntu, da ƙwayar masoro 5 ko 6 da aka ɗan daddaga. Cittar da masoron su ne za su ba ki ɗumin maƙogwaro da giya ke ba Turawa. Ki ɗora a matsakaiciyar wuta ba murfi, ya riƙa ɓararraka a hankali har ya koma rabi, wato mililita 500. A tukunya mai faɗi yakan ɗauki minti 30 zuwa 40. Ba sai kin yi ta juyewa a kofin awo ba. Tun kafin ki kunna wuta ki tsoma tsinken tsire mai tsabta a tsaye, ki yi alama inda ruwan ya kai, sannan ki yi wata alamar a tsakiya. Ruwa na sauka kan alama ta biyu ki sauke, ki tace, ki bar shi ya huce sarai kafin ya shiga firiji.

Kada kwaɗayin kauri ya ja ki ki wuce rabi. Lemon inabi na da sukari kamar giram 15 a kowane mililita 100, kin ga da ya koma rabi ya ninka ke nan. In kika bar shi ya koma kashi ɗaya cikin uku, zuma kika yi, zaƙin zai danne komai, ƙamshin inabin ma ya koma na ƙonannen sukari. Shi ya sa babu sukari ko cokali ɗaya a wannan haɗin.

Hattara da tukunya: inabi na da tsami, kuma tsami ba ya shiri da tukunyar dalma ko baƙin ƙarfe. Launin zai dushe, ɗanɗanon ya yi ƙarfe-ƙarfe. Ki yi amfani da ta ƙarfe mara tsatsa, ko samira wadda fentinta bai ɓare ba.

Hattara da kwalaben kanti: akwai masu siffar kwalbar giya da ake kawowa wajen biki. Wasunsu lemon inabi ne mai gas, wannan in za ki dafa shi ba laifi, gas ɗin zai fita a wuta, amma kada ki kuskura ki girgiza shi ɗanye. Wasu kuma giya ce ta gaske da aka cire wa barasa, kuma irin wannan kan iya rage ɗan abin da bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ki karanta jikin kwalbar da kyau. Haka ruwan banila na kwalba, da yawansa da barasa ake jiƙa shi, sannan ɗan ruwan ɗacin nan mai suna Angostura da masu otal ke ɗigawa a abin sha, barasarsa ta haura kashi 40. Filip ɗinmu ba ya bukatar ko ɗayansu.

In lemon kwali ya yi tsada ko babu shi a garinku, zabibi ya wadatar, kuma ni a gaskiya na fi son nasa. Ki wanke busasshen inabi giram 200, ki jiƙa a ruwan zafi mililita 600 na awa biyu, ki ɗora a wuta da kayan ƙamshin nan minti 20. Saura minti biyar ki sauke sai ki jefa zoɓo ɗan kaɗan, abin da yatsu uku za su ɗauka, don launi da ɗan tsami. Ki tsame kayan ƙamshin, ki murtsuke zabibin da bayan ludayi, ki tace da ƙyalle mai tsabta kina matsewa. Za ki samu wajen mililita 400 zuwa 450, launinsa ja mai duhu kamar na dabino. Wannan bai yi nisa da asalin ba, domin akwai wata sherry mai zaƙi da ake kira Pedro Ximénez wadda ita ma da inabin da aka shanya a rana ake yin ta.

Hattara da ajiya: ruwan inabi mai zaƙi in ya kwana biyu a waje cikin zafin nan namu, zai fara tsami yana kumfa, wato ya kama hanyar zama abin da muke gudu. A firiji cikin kwalba mai murfi yana kai mako ɗaya. In wutarku ba ta da tabbas, ki dafa daidai wanda za ki sha, ko ki daskarar da shi a firiza. Kin buɗe kin ji ya yi "fuss" ko warinsa ya canja, zubar da shi kawai.

3. Baƙin shayi

Baurin giyar daga nan za mu samo shi. Jakar Lipton biyu a tafasasshen ruwa mililita 150, minti biyar, ki cire ba tare da matsewa ba, ba sukari ba madara. Ya huce ya shiga firiji. Wannan zai isa kofi biyar. In ya wuce minti shida a ruwa, baurin zai koma ɗaci. Na ga masu tsallake wannan matakin suna cewa ai shayi ba ya cikin abin. Su ne kuma ke dawowa su ce nasu ya yi kama da alewa narkakkiya.

4. Zaɓen ƙwai

A nan nake so ki nutsu, don ɗanyen ƙwai za a sha.

Ƙwai ya zama sabo, ɓawonsa ba tsagewa, ba kashin kaza a jiki. Ki saya inda kika san kaya na tafiya da sauri, ko kai tsaye daga gidan gona, ba wanda ya kwana bakwai a rana kan teburin mai shago ba. Gwajin da iyayenmu suka sani yana nan daram: a sa shi a kwanon ruwa. Sabo zai nutse ya kwanta, wanda ya jima zai tsaya da kansa sama, wanda ya taso kan ruwa kuwa ba na sha ba ne, ba ma na suya ba ne. Dalili shi ne iskar da ke cikin ƙwai na ƙaruwa yayin da yake tsufa.

Amma ki san iyakar gwajin nan. Tsufa kawai yake nunawa. Ƙwayar cutar salmonela, mai kawo zawo da amai da zazzaɓi, tana iya kasancewa a ƙwan da aka saka yau da safe, kuma ba a ganinta, ba a jin warinta. Ba kowane ƙwai ke da ita ba, kaɗan ne, amma akwai. Wani abokin aikina a otal ya sha ce mini ai su masu sa giya ba ruwansu da wannan, barasa na kashe komai. Ba haka ba ne. Abin da aka girgiza na daƙiƙa 30 aka shanye nan take, babu wata barasar da ta samu lokacin kashe wani abu. Da mu da su duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Saboda haka ƙa'idata ita ce: mai juna biyu, ƙananan yara, tsofaffi, da duk wanda ke fama da rashin lafiya, ba a ba su na ɗanyen ƙwai. Nasu a mataki na 8 yake. Na Gwaggo ma dafaffe ne na ba ta, ko da yake ban faɗa mata ba.

Ƙwan gidan gona ɗaya, mai nauyin giram 55 zuwa 60, shi ne na kofi ɗaya. Da damina in ƙwan zabbi ya shigo kasuwa, gwada da shi, gwaiduwarsa ta fi maiƙo kuma filip ɗin ya fi laushi, sai dai ya fi ƙanƙanta, don haka uku ne na kofi biyu. Matsalarsa ɗaya, ba ka sanin ranar da aka tsinto shi, don haka gwajin ruwa dole ne ga kowane ɗaya.

Ƙwan ya kwana a firiji in da hali. In za ki wanke shi, ki wanke dab da fasawa ki goge. Wanda aka wanke aka ajiye ya fi saurin lalacewa, don wankin na cire ɗan rufin da ke kare ɓawon.

Hattara: kada ki taɓa fasa ƙwai kai tsaye cikin kwalbar haɗi. Ki fasa a ɗan kofi daban, ki duba, ki shinshina. Lokacin da nake koyon aiki na taɓa yin gaggawa na fasa ƙwai na huɗu cikin gwangwanin da ke ɗauke da haɗin mutum huɗu, ashe bara-gurbi ne. Shugaban kicin bai ce mini uffan ba, ya dai nuna mini bola da yatsa, sannan ya nuna mini agogo. Tun daga ranar ban sake ba. Da kin fasa, ki sa cokali ki cire ɗan farin zaren nan da ke manne da gwaiduwa, shi ne ke shiga haƙori ya ɓata wa mutum rai.

5. Awo

Tun kafin ki fara, kofunan sha su shiga firiza ko a cika su da ƙanƙara da ruwa. Na kofi ɗaya ga abin da za ki zuba a kwalba, a bisa wannan jerin:

Ruwan inabin da kika dafa, babban cokali 3, wato mililita 45.
Baƙin shayi mai sanyi, babban cokali 2, wato mililita 30.
Gishiri ɗan mitsitsi, abin da bakin yatsu biyu zai ɗauka.
Ƙwai ɗaya, fari da gwaiduwa.

Kafin ƙwan ya shiga, ki ɗanɗana haɗin inabin da shayin. Ya kamata ki ji ya ɗan fi ƙarfin yadda kike so, domin ƙwai da ƙanƙara za su kwantar da shi. In zaƙi ya yi yawa, ɗiga lemon tsami kamar rubu'in ƙaramin cokali. In da zoɓo a naki, ba ki bukata. Ƙwai ne ƙarshen shiga, kuma da ya shiga ba a jira. Gwaiduwa in ta zauna cikin abu mai zaƙi sosai ba motsi, takan ɗaure ta yi ƙananan gudaji da girgiza ba ta narkar da su.

Hattara: kada ki ƙara madara. Na san hannu na son kai wa gwangwanin madara, amma tsamin inabi da zoɓo na tsinka ta, ki ga abu ya yi ɗigo-ɗigo kamar nonon da ya kwana. Ƙwan ya isa ya ba ki duk kaurin da kike nema. Kuma kada ki haɗa fiye da kofi biyu a kwalba mai rabin lita. Sai da fili a ciki abin ke samun wurin bugawa ya sha iska.

6. Girgizawa

Sau biyu ake girgizawa, kuma wanda ya gane wannan ya gane filip.

Na farko babu ƙanƙara. Ki murɗe murfi tam, hannu ɗaya a kan murfin, ɗaya a gindin kwalba, ki ɗaga ta daidai kafaɗa a ɗan kwance, ki riƙa bugawa gaba da baya da ƙarfi, daƙiƙa 15 zuwa 20. Ba rausaya ba, bugu na gaske, har ki ji haɗin na dukan murfi yana dawowa. Ki saurari ƙarar. Da farko za ki ji "caɓal-caɓal" na ruwa, can sai ƙarar ta yi laushi ta dushe, alamar ƙwan ya haɗe ya fara kumfa. In kika duba ta gilashin, launin ya tashi daga ja mai duhu ya koma kamar na ƙasa-ƙasa mai haske, babu zaren farin ƙwai da ke yawo. Amfanin wannan zagayen shi ne farin ƙwai ya fi saurin kumfa idan ba a daskare yake ba kuma ruwa bai tsinka shi ba. In kika sa ƙanƙara tun farko, ƙanƙarar za ta narke ta cika kofin da ruwa kafin ƙwan ya gama haɗewa.

Hattara: a wannan zagayen iska na taruwa a ciki tana turo murfi, musamman a gwangwanin ƙarfe na otal da ba murɗawa ake ba. Kada hannunki ya bar kan murfin, kuma ki juya bakin nesa da baƙi. Ruwan inabi a jikin farar shadda ba ya fita da daɗi, na gani da idona. Wajen buɗewa ma a hankali, ki bari iskar ta fara fita.

Na biyu da ƙanƙara. Ki buɗe, ki sa manyan ƙanƙara 4 ko 5, ki rufe, ki sake bugawa daƙiƙa 15 zuwa 20, har jikin kwalbar ya yi raɓa, sanyi ya fara cizon tafin hannunki. Ƙanƙarar ta zama tauri, fitowarta ke nan daga firiza. Wadda ta fara narkewa ko wadda aka daddaka ƙanana za ta sake ruwa da yawa, abin ya tsinke ya yi salam.

Hattara da asalin ƙanƙara: wani ɓangarenta narkewa zai yi ya shiga cikin abin sha, kusan babban cokali biyu a kowane kofi. Ƙatuwar ƙanƙarar kasuwa ta sanyaya lemo a kula ce, ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba. Ki yi taki a gida da ruwan da kike sha. In ba ki da abin yin ƙanƙara, daskarar da ruwan leda, ki fasa shi gida huɗu da taɓarya a cikin tsumma mai tsabta.

Masu tambaya ko blanda za ta yi: za ta yi a madadin zagayen farko, daƙiƙa 10 kacal a ƙaramin gudu. Fiye da haka kumfar kan yi manyan ido kamar ta sabulu, ta faɗi kafin ki kai kofin falo. Zagayen ƙanƙara kuwa da hannu ake yinsa.

7. Tacewa da kaiwa

Ki zubar da ruwan da ke cikin kofin sha, ki ɗora rariya a kai, ki juye. Rariyar za ta tare ɓarɓashin ƙanƙara da duk wani gudan ƙwai. Ki ba shi kamar rabin minti, za ki ga kumfa mai laushi ta taru a sama kamar kaurin yatsa. A kanta za ki goga gyaɗar ƙamshi, gugu biyu ko uku kawai.

Wannan gugar ba ado ba ce. Hanci ne ke fara isa kofi kafin baki, kuma ɗanyen ƙwai ko yaya yake sabo yana da ɗan ƙarni. Gyaɗar ƙamshi ce ke tare shi a bakin ƙofa. Ƙwaya guda a goga nan take ta fi garin da ya shekara a gwangwani nesa ba kusa ba.

Hattara: kaɗan ake sawa. Gyaɗar ƙamshi in aka sha da yawa, kamar cokali-cokali, tana juya kai ta sa tashin zuciya da bugun zuciya, kuma saboda haka ne ma wasu malamai suka hana ta. In kina cikin masu kauce mata, garin kirfa ko ɓawon lemon zaƙi da aka goga zai yi aikin.

A kai shi nan take. Filip ba ya jiran a idar da hira. Bayan minti biyar zuwa goma zai fara rabuwa, ruwa a ƙasa kumfa a sama, ƙarnin kuma ya farka da zarar sanyin ya tafi. Shi ya sa ake yin sa ɗan kaɗan. Ban da haka ma yana da nauyi, ƙwai guda ne cur da sukarin inabi da ya kai ƙananan cokula uku, don haka mai ciwon sukari ya san da wannan. Bayan tuwo da miyar taushe, rabin kofi ma ya ishi mutum.

8. Na dafaffen ƙwai

Wannan ne na yara, masu ciki da tsofaffi, kuma shi nake yi in taro ne, don ana iya haɗa shi tun da rana. Dabarar ta mutanen Italiya ce, haka suke kaɗa gwaiduwa da sukari da giyar Marsala a kan tururi. Mu da ruwan inabinmu za mu yi.

Na mutum huɗu: gwaiduwa 4 ba fari, da ruwan inabi mililita 180, wato babban cokali 12. Ki zuba ruwa kaɗan a tukunya ya tafasa, ki rage wuta. Ki ɗora kwanon ƙarfe ko na gilashi mai jure zafi a bakin tukunyar, gindinsa kada ya taɓa ruwan. Ki zuba gwaiduwa da ruwan inabin, ki fara kaɗawa da maburgi nan take, ba tsayawa, kina kai wa gefe-gefen kwanon inda ya fi saurin kamawa. Cikin minti 6 zuwa 8 zai yi kumfa ya yi kauri. Abin da ake nema shi ne zafinsa ya kai digiri 71 a ma'aunin Salsiyos, a nan salmonela ke mutuwa. In babu ma'auni, ki tsoma cokali ki ja yatsa a bayansa. In layin ya tsaya bai rufe ba, kuma tururi na tashi daga haɗin, ya yi. Ma'aunin dai ya fi tabbas, musamman in don mai ciki ake yi.

Hattara: tsakanin "ya yi" da "ya zama wainar ƙwai" bai fi minti ɗaya ba. Ki ajiye roba da ruwan ƙanƙara a gefe tun kafin ki fara. Kina saukewa ki dasa gindin kwanon a ciki, ki ci gaba da kaɗawa minti biyu. In kika ga ƙananan gudaji sun fara fitowa, ɗaga kwanon daga tururi maza, ki tace da rariya, yawanci ana ceto shi.

Da ya huce, ki zuba baƙin shayi mililita 120 da ɗan gishiri, ki juya, ki rufe a firiji. Lokacin sha, ki ɗebi na mutum biyu-biyu ki girgiza da ƙanƙara, zagaye ɗaya ya isa. Kumfarsa ba ta kai ta ɗanye ba tunda babu farin ƙwai, kuma kofin ba zai cika sosai ba, amma ya fi santsi, ƙarni kuma babu shi sam. A sha shi a ranar. Kada ya wuce awa biyu a waje, in lokacin bazara ne da zafi ke haura digiri 32, awa ɗaya. Da hunturu kuwa ba sai an sanyaya ba, a zuba shayin da zafinsa a sha da ɗumi.

9. Lissafin kuɗi

Farashi ba ya zama wuri ɗaya, don haka hanyar lissafin zan ba ki. Lita ɗaya ta lemon inabi na ba da kofi 11. Ki raba kuɗin kwalin gida 11, ki ƙara kuɗin ƙwai ɗaya, wato kuɗin kiret a raba 30, sai ɗan abin da ba a rasa ba na shayi, citta da gas. Lemon inabin ne ke cinye kaso mafi girma. Zabibi giram 200 na ba da kofi 9 zuwa 10, ki kwatanta farashin biyun a kasuwarku ki ga wanda ya fi sauƙi. Gyaɗar ƙamshi ƙwaya ɗaya kuwa sai ta kai ki watanni. In na taro ne, ki sayi ƙwai da rarar biyu ko uku a kan lissafi, don da wuya a fasa ashirin ba a samu na zubarwa ba. Fararen ƙwan da suka rage daga na dafawa kada a zubar, su shiga wainar ƙwan safe.

10. Wanke-wanke

Kina juye na ƙarshe ki ɗauraye kwalba, murfi, rariya da maburgi da ruwan sanyi tukuna. Ruwan zafi na dafa ragowar ƙwan ya manne a jiki, musamman a idon rariya da zaren murfi, kuma daga nan ƙarnin da ba ya fita ke samo asali. Bayan ruwan sanyi sai sabulu da ruwan ɗumi. Kofunan sha ma haka. In duk da haka kin ji ɗan ƙarni a gilashin, ki goga masa ɓarin lemon tsami ciki da baki, ki ɗauraye, ki kife shi ya bushe da kansa, kada ki goge da tsumman kicin. Hannunki da teburin da kika fasa ƙwai a kai su ma a wanke da sabulu kafin a taɓa wani abincin.